Dukiyar Mamaci, Shari'ar Masu Rai

Duk wanda ya taɓa zuwa harabar kotun shari'ar Musulunci a Kano ko Zariya ko Sakkwato da hantsin ranar aiki, kafin alƙali ya zauna, zai ga wani irin taro wanda bai yi kama da na masu ƙarar bashi ko na masu rigimar aure ba: tsofaffin mata cikin manyan hijabai zaune a kan tabarma a gefe guda, samari a tsaitsaye gindin bishiya kowa da ƙunshin takardu a hammata, dattijo ɗaya ko biyu suna kai da kawowa a tsakani, kuma in ka dubi fuskokin da kyau sai ka ga hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya, domin jini ɗaya ne, a tsakar gida ɗaya suka tashi, amma yau ba mai iya ɗaga ido ya gai da ɗan'uwansa.

Gado ne ya tara su. Mai gidan da ake jayayya a kan dukiyarsa ya shekara goma a kabari, wataƙila ashirin. Gidan ya tsattsage, gonar an yanka ta filaye an sayar da rabi, shaidun da suka san asalin magana sun bi shi, abin da ya rage kuwa shi ne zargi, da rantsuwa, da kuɗin mota da ake kashewa duk ranar da aka ɗaga shari'a.

Abin da ya kamata ya dami kowane Musulmi a cikin wannan al'amari shi ne, babu wani babi a cikin fiƙihu wanda Allah Maɗaukakin Sarki Ya yanke hukuncinsa dalla-dalla da kansa kamar babin gado, amma kuma da wuya a sami babin da ya fi shi raba zumunta a ƙasar Hausa ta yau.

Rabon da aka riga aka gama

Ayoyi uku na Suratun Nisa'i, watau ta 11 da ta 12 da ta 176, su ne ginshiƙin ilmin fara'ili, kuma a kansu malamanmu na mazhabar Malikiyya suka gina abin da almajiri ke karantawa a ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Halilu. Kafin a taɓa ko anini, sai an fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya, abin da ya saura shi ne na magada.

A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata uku, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza bakwai da mata uku, kuma bayan an biya bashi dukiyarsa ta tsaya a naira miliyan 24. Matan aure za su raba tumuni a tsakaninsu, miliyan 3 ke nan, kowacce miliyan ɗaya. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 4. Ragowar miliyan 17 ta 'ya'ya ce, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan ɗaya. Malamin da ya san aikinsa zai gama wannan lissafi kafin shayi ya huce.

To, in haka ne, me ake yi a kotu shekara da shekaru? Galibi ba a kan wa ke da tumuni wa ke da sudusi ake jayayya ba. Ana jayayya ne a kan mene ne ma dukiyar: shin gidan nan na mamaci ne ko na gandu ne da shi da ƙannensa, shin shagon nan kyauta ya ba babban ɗa ko jingina masa ya yi ya kula, shin shanun da ke hannun Bafillace nawa ne, shin kuɗin da wani ya zo yana da'awa bashi ne na gaske. Waɗannan tambayoyi mutum ɗaya ne tak ya san amsarsu, shi ne kuwa wanda aka binne bai faɗa ba, bai rubuta ba.

Tsohon ciwo

Cin dukiyar magada ba yau ya fara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu a cikin zaluncin da ya ga sarakunan zamaninsa suna yi, kuma bayan jihadi rabon gado ya zama aikin alƙalai, har zuwa zamanin En'e, lokacin da kotu kan cire ushira daga dukiyar da ta raba a kai baitulmali.

Duk da haka al'ada ba ta saki wuyan shari'a gaba ɗaya ba, musamman a kan ƙasa. A shekarar 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gidaje da gonaki, kuma wannan hani ya zauna har 1954, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi. Shekara talatin ke nan ana haihuwa ana mutuwa a kan cewa mace ba ta da rabo a gona, don haka ba abin mamaki ba ne in har yau a wasu ƙauyuka ana jin 'yan'uwa maza suna cewa ai ita tana gidan miji, a ba ta ɗan abin da ya samu ta yi haƙuri.

A wancan zamani tsarin gandu yana rufe ɓarna da yawa, domin uba da 'ya'ya da ƙanne suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, in babba ya faɗi na biye da shi ya ɗauki nauyin kowa, har da aurar da marayu. Yanzu gandu ya watse, gari ya cinye gonakin da ke kewaye da shi, filin da a da ake bayarwa aro a noma gero ya zama na miliyoyi, kuma tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 takardar shaidar mallaka ta zama hujjar da kowa ke nema ya riƙe. Nauyin ya tafi, amma riƙon da babban wa ke yi wa dukiya bai tafi ba.

Tsoron alƙalami

In ka ce wa magidanci ya rubuta wasiyya, sau da yawa zai dube ka kamar ka yi masa fatan mutuwa. Wani zai ce ai Allah Ya riga Ya raba, me zan ƙara. Wani kuwa ɓoye dukiyarsa yake yi ko ga matansa, don gudun kishi tsakanin ɗakuna, ko gudun 'ya'ya su sangarce, ko gudun bakin mutane. Akwai gaskiya a cikin kowane ɗaya daga waɗannan dalilai, amma babu wanda ya isa ya tsaya a gaban hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya nuna cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Kuma ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Mu kuwa kasuwancinmu a kan amana da baki ya ginu. A Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi da Dawanau ana ɗaukar kayan miliyoyi da kalma ɗaya, kuma wannan abin alfahari ne muddin masu maganar suna raye. Amma ran da ɗayansu ya faɗi, sai amanar ta koma hannun wanda ya rage, in mai tsoron Allah ne ya kawo, in ba haka ba marayu ba su ma san akwai ta ba.

Sai kuma mas'alar kyauta, wadda ita kaɗai ta cika kotuna. A mazhabar Malik kyauta ba ta cika sai da hauzi, watau wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Uban da ya ce wa 'yarsa a gaban mutane na ba ki gidan nan, amma ya ci gaba da zama a cikinsa har ya mutu, bai bar mata komai ba sai rigima, domin gidan zai koma cikin tarika a raba da kowa. Wanda kuma ya bari sai ciwon ajali ya kwantar da shi sa'an nan ya fara rabon kyauta, hukuncin abin da ya bayar hukuncin wasiyya ne. Ga kuma gargaɗin da ke cikin ƙissar Nu'umanu ɗan Bashir, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita a kan sauran.

Jinkiri

Babu abin da ke lalata gado kamar jinkiri, kuma abin takaici, kunya ce ke haifar da shi. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, mata sun fita takaba bayan wata huɗu da kwana goma, amma duk wanda ya fara ta da maganar rabo sai a ce dama jira yake yi. Saboda haka kowa ya yi shiru, babban wa ya ci gaba da karɓar kuɗin haya, shekara ta bi shekara.

Shari'a ta san uzurin jinkiri, kamar a ce matar mamaci tana da ciki, inda Malikiyya suka ce a dakata da rabo har ta haihu, ko a ce wani magaji ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba. Kunya ba ta cikin waɗannan uzurori. Kuma da zarar ɗaya daga cikin magada ya mutu kafin a raba, sai a shiga abin da malamai ke kira munasaha, rabonsa ya gangara ga nasa magadan, matansa da 'ya'yansa su shigo. In aka yi haka sau uku ko huɗu, gidan da ya kamata mutum goma su raba sai ya zama na mutum sittin, waɗansunsu ma ba su taɓa ganin juna ba, kuma ba mai iya gyara ko katanga domin ba wanda ya san ko tasa ce.

Waɗanda jinkirin nan ya fi ci su ne marasa murya. Matar da ta shekara talatin a gida tana iya wayar gari ba ta san ko ɗakin da take kwana zai faɗo a rabonta ba, ga tumunin takaba da za ta raba da kishiyoyi, ga sauran sadakinta da ba a cika mata ba, alhali kuwa sadakin nan bashi ne da ya wajaba a biya kafin rabo. Maraya kuma yana girma yana ganin baffansa yana cin abin da aka ce ana ajiye masa. Lalle wanda ya karanta ayar da ta gabaci ayoyin gado, wadda ta kwatanta cin dukiyar maraya da cin wuta, bai kamata barci ya ɗauke shi ba alhali akwai haƙƙin yaro a aljihunsa.

Sulusi da waɗanda aka manta

Masu cewa Musulmi ba ya bukatar wasiyya sun manta da cewa shari'a da kanta ta bar masa ƙofa. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi ya hana shi, ya nemi rabi ya hana shi, sai a sulusi ya amince, tare da nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Daga nan aka ɗauki ƙa'ida: wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji, sai fa in sauran magada sun yarda bayan mutuwa.

Wannan sulusi shi ne maganin wani ciwo da kusan kowace zuriya ta sani. Ɗa ya mutu ya bar 'ya'ya ƙanana, bayan shekara biyu kakansu ya bi shi. Baffanni sun shamakance jikokin nan, ba su da ko ƙwandala a dukiyar da wataƙila ubansu ne ya fi kowa wahala wajen tara ta. Ƙasar Masar ta dubi wannan mas'ala a 1946 ta kafa dokar wasiyya wajiba, wadda ke ba irin waɗannan jikoki rabon ubansu matuƙar bai wuce sulusi ba, kuma ƙasashe irin su Siriya da Tunisiya da Maroko suka bi sahu. Malamai sun yi saɓani a kan wannan ijtihadi, akwai masu ganin ƙari ne a kan abin da Allah Ya yanke. Amma babu saɓani a kan cewa kakan da kansa yana da ikon rubuta musu, kuma a ganina kakan da ya ga marayun ɗansa suna wasa a tsakar gidansa, yana da hali, ya mutu bai rubuta musu komai ba, ya yi sakaci mai girma.

Haka nan agola da ya tashi a hannunka, da ɗan riƙo, da yaron shago da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi maka hidima, da ɗan'uwa wanda ba Musulmi ba: duk ba su da gado, duk ana iya yi musu wasiyya. A cikinta ne kuma uba zai naɗa wasiyyi, amintaccen da zai kula da dukiyar 'ya'yansa ƙanana har su yi hankali. Sai dai a kula, fuƙaha'un Malikiyya sun ce takardar da aka tsinta da rubutun hannun mamaci, bai kafa mata shaidu ba, bai kuma ce a zartar da ita ba, ba a aiki da ita, domin yana yiwuwa tunani yake yi bai yanke ba. Shaidu biyu adalai su ne ran wasiyya.

Tsakanin dokoki biyu

'Yan boko da ma'aikata suna da tasu matsalar, domin a Nijeriya akwai wasiyyar shari'a, akwai kuma wasiyyar da lauya ke rubutawa bisa tsarin da aka gada daga dokar Ingila ta 1837, wadda ta ba mutum ikon ya ba wanda ya so ya hana wanda ya so. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, Mai Shari'a Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya yanke cewa Musulmi ba shi da ikon tauye rabon magadansa ta hanyar irin wannan wasiyya, amma a 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa ta ba dokar Ingila rinjaye.

Wannan hukunci ya ta da hankalin malamai da masana shari'a a Arewa, kuma daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya waɗanda suka kiyaye hukuncin Musulunci ga wanda yake ƙarƙashinsa. A kan dokar Kwara ne Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ilori ta ƙi amincewa da wata wasiyya da ta saɓa wa rabon shari'a, a shari'ar Ajibaiye ta 2007. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 kuwa ya sanya gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Saboda haka wanda ke da gida a Kano da wani a Legas ko Fatakwal, ya kyautu malami da lauya su zauna tare a kan takardarsa.

Kuɗin da ba mai nema

Dukiyar zamani ba ta da ƙafa balle a gan ta a turke. Asusun banki, da kuɗin fansho, da hannun jari, da kuɗin da ke cikin waya a bayan lambar sirri, duk suna iya ɓacewa da mutuwar mai su in iyali ba su san da su ba. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta bayyana a 2023 cewa ribar hannun jari da ba a zo an karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190, kuma ba shakka wani kaso na wannan kuɗi na mutanen da suka mutu ne magadansu ba su sani ba.

Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu, cewa wanda aka rubuta sunansa a takardar banki ko ta wurin aiki a matsayin makusancin da za a nema in wani abu ya faru, shi ne mai kuɗin. Ba haka ba ne a doka, ba haka ba ne a shari'a. Banki ba zai saki kuɗi ba sai an kawo takardar kotu, kuma in an saki, na dukan magada ne.

A raba ko a haɗa

'Yan kasuwa suna da wata damuwa ta gaskiya: rabo yana kashe jari. Attajirin da ke da 'ya'ya ashirin, in aka sayar da motocinsa da shagunansa aka ba kowa nasa, sau da yawa ba a shekara biyar sunan gidan ya ɓace daga kasuwa. Waɗansu dattawa kan kafa hujja da wannan su hana rabo, su ce haɗuwa ta fi albarka; matasa da mata kuwa su ce haɗuwar da mutum ɗaya ke riƙe da makulli ba haɗuwa ba ce.

Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a Kano a 1955 yana cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma, shi ake yawan kawowa misali, domin an ruwaito cewa kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya yi musu nasiha da su zauna tare kada su bar kasuwancin ya rushe, kuma 'ya'yansa irin su Sanusi da Aminu suka ɗauki sunan gidan suka kai shi gaba. Hanyar da ta dace da shari'a a nan ita ce a ƙiyasta dukiyar, a san rabon kowa, a rubuta shi da sunansa a matsayin hannun jari a kamfani, har da 'ya'ya mata da matan mamaci, wanda ya so zama ya ci riba, wanda ya so fita 'yan'uwa su saye rabonsa da farashin da masana suka yanke.

Ɗaya hanyar ita ce hubusi, watau waƙafi, wanda asalinsa ke komawa ga gonar Sayyidina Umar a Haibara, da aka tsare asalinta aka sadaukar da amfaninta. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu hukumomin, amma har yanzu mafi yawan masu hali a masallaci da rijiya tunaninsu ke tsayawa, alhali ana iya tsare gidan haya ko gona don karatun jikoki, ko don ciyar da zawarawan zuriya. Shi ma hubusi yana da sharuɗɗansa: a yi shi cikin lafiya, a fitar da shi daga hannu zuwa ga nazirin da zai kula, a rubuta wa zai gaji nazirin in ya mutu, kuma Halilu ya lissafa hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza aka cire mata a cikin waɗanda ba su inganta ba.